Ramuka huɗu a kusurwar fili sun isa a ce ƙasarsa ba ta gurɓata ba?

Mai Neman Shawara:

Assalamu alaikum, masana na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani lamari da ya hana ni sukuni tun makon jiya. Ni da abokan kasuwancina biyu muna gab da sayen wani gini mai shaguna shida da filin ajiye motoci. Da muka bi tarihin wurin, sai muka gano cewa shagon ƙarshe ya daɗe a hannun masu wankin tufafi da sinadari, wato dirai-kilina, kuma kafin a gina shagunan ma akwai ƙaramin gidan mai a gaban filin, wanda babu wata takarda da ta nuna an tono tankunansa bayan an rufe shi.

Da muka nuna damuwa, mai sayarwa ya miƙo mana rahoton gwajin ƙasa da ya sa aka yi. An haƙa ramuka huɗu a kusurwoyi huɗu na filin, zurfin kowanne mita ɗaya, aka gauraya ƙasar a roba ɗaya aka kai ɗakin gwaje-gwaje, sakamako ya nuna ba a ga komai ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa ba a taɓa shi ba. Abokaina sun gamsu, ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Shin wannan rahoto ya isa mu sa hannu, ko kuwa mu nemi a sake aikin?

Dillalin Gidaje:

Wa alaikumus salam. Malam, a ganina kana neman wahalar da kanka ne. Mutumin nan bai ɓoye maka komai ba, har ya kashe kuɗinsa ya yi gwaji, sakamako kuma ya fito da kyau. Shagon wankin yana da daɓen siminti, abin da ya zube a kan siminti ana share shi ne. Gidan man kuma ya daɗe da mutuwa, duk abin da ya tsiyaya daga tankinsa ya bushe tuni. Idan ka ce sai an kawo injin haƙa an huda masa daɓe, zai iya janye cinikin ya sayar wa wanda ba zai tambaye shi komai ba, kai kuma ka rasa wuri mai kyau.

Injiniyan Muhalli:

Malam Dillali, na fahimci abin da kake gudu, kuma gaskiya ne ciniki yakan ɓaci a kan irin wannan. Amma zan faɗa wa mai tambaya ƙarara cewa rahoton da ke hannunsa bai amsa tambayar da yake yi ba. Gwaji ba ya faɗin halin fili gaba ɗaya, abin da yake faɗa kawai shi ne halin ɗan abin da aka ɗeba, daga inda aka ɗebe shi, a ranar da aka ɗeba. Kusurwoyin fili su ne wuraren da suka fi nisa daga inda aka yi aiki da sinadari, saboda haka wanda ya haƙa a can zai samu ƙasa mai tsabta ko da tsakiyar filin ta lalace.

A tsarin da aka fi bi a wannan aiki, wanda hukumar ƙa'idoji ta ASTM ta rubuta, ana raba binciken gida biyu. Mataki na farko, mai lamba E1527, babu haƙa a cikinsa: ana bin tsofaffin takardu da hotunan sama, a yi magana da waɗanda suka san wurin, a zagaya a duba da ido, a fitar da jerin wuraren da ake zargi. Mataki na biyu, mai lamba E1903, shi ne na ɗaukar samfurin ƙasa da ruwa, kuma amfaninsa shi ne ya gwada zargin da matakin farko ya fitar. Kai ka riga ka yi rabin matakin farko da kanka, tunda ka gano abubuwa biyu, shagon wanki da tankunan mai. To, a nan ya kamata a haƙa: ƙarƙashin inda injin wankin ya zauna, gefen magudanar da ke cikin shagon, bakin ƙofar baya inda ake ajiye ganguna da shara, tsawon bututun ruwan datti har inda ya fita daga filin, sannan kewayen ramin tankuna, ƙarƙashin inda famfunan mai suka tsaya, da layin bututun da ya haɗa su.

Game da daɓen siminti, a yi mini afuwa, ba kariya ba ne yadda ake zato. Sinadarin da masu dirai-kilina suka fi amfani da shi, tetrakloroetilin, wanda ake taƙaitawa PCE, yana ratsa tsagar siminti da mahaɗar daɓe, yana kuma fita ta mahaɗar bututun ruwan datti. Ya fi ruwa nauyi, domin lita ɗaya tasa ta kai kilo 1.6, shi ya sa idan ya iske ruwan ƙasa ba ya tsayawa a samansa, nutsewa yake yi har sai ya ci karo da yumɓu ko dutse ya kwanta a kai, ya dinga narkewa kaɗan-kaɗan tsawon shekaru masu yawa. Fetur kuwa bai kai ruwa nauyi ba, sai ya shimfiɗu a saman ruwan. Kenan kana da abubuwa biyu masu hali daban, ɗaya a sama, ɗaya a can ƙasa, kuma ramin mita ɗaya bai kai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Gindin tankin mai da aka binne ma ya wuce wannan zurfi.

Malamar Kimiyya:

Ina goyon bayan Injiniya, kuma zan ƙara da abin da ya fi damuna a cikin bayanin mai tambaya, wato gauraya ƙasar a roba ɗaya. Ni aikina a ɗakin gwaje-gwaje yake, kuma idan aka kawo mini irin wannan samfurin aka ce in nemi PCE ko benzin (wani sinadari da ke cikin fetur) a ciki, na san tun kafin in kunna na'ura cewa abin da zan samu ya yi ƙasa da gaskiya. Waɗannan sinadarai masu saurin tashi ne su bi iska. Da zarar an fasa dunƙulen ƙasa an juya ta da cokali a fili, yawancinsu sun tafi cikin 'yan mintuna. Ga kuma matsala ta biyu: ko da sinadarin ba mai tashi ba ne, idan rami ɗaya ya gurɓata, sauran ukun lafiyarsu ƙalau, gaurayawar za ta rage ƙarfinsa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ya faɗi ƙasa da iyakar da ake dubawa.

Yadda ake yi daidai shi ne, da zarar an buɗe bututun da ya fito da ƙasar, a soka ɗan ƙaramin maɗebi a cire kimanin giram 5 ba tare da an wargaza ta ba, a tura ta kai tsaye cikin kwalbar da aka riga aka auna, mai ɗauke da metanol, ruwan sinadarin da ke riƙe su kada su tashi, a rufe nan take, a sa cikin kula mai ƙanƙara. Wannan ita ce hanya mai lamba 5035 a kundin Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, kuma ɗakunan gwaji da yawa a duniya ita suke bi. Idan an kiyaye samfurin haka, ana da kwana 14 kafin a gwada shi. Idan an rufe shi a maɗebin ne kawai ba tare da metanol ba, dole ya isa ɗakin gwaji a sarrafa shi cikin awa 48.

Malam, duba rahoton nan da kyau ka gaya mana abu uku: me aka nema a cikin ƙasar, mene ne mafi ƙarancin adadin da na'urarsu ke iya gani, kuma akwai takardar da ta nuna hannun wa da wa samfurin ya bi, da ranaku da sa'o'i, daga fili har ɗakin gwaji?

Mai Neman Shawara:

Na gode ƙwarai, Malama. Na duba. Abin da aka nema shi ne ƙarafa masu guba irin su darma da kadmiyam, da kuma jimillar man fetur a cikin ƙasa. Ban ga sunan PCE ko wani ɗan'uwansa a jerin ba. Takardar bin hannun da kika ambata ma babu ita a ciki.

Malamar Kimiyya:

To ka ga ke nan ba a ma nemi sinadarin wankin ba, balle a ce ba a same shi ba. A nemi a gwada jerin sinadarai masu tashi gaba ɗaya da hanya mai lamba 8260, wadda za ta kama PCE, ta kama benzin da toluwin da etilbenzin da zailin na fetur a aiki guda. Za ta kuma kama abubuwan da PCE ke rikiɗewa ya zama idan ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa suka fara cin sa a inda babu iskar oksijin: farko tirikloroetilin, sai dikloroetilin, sai binil kloraid. Na ƙarshen nan ya fi uwarsa haɗari, domin tabbataccen mai haddasa cutar daji ne, shi ya sa daɗewar zubar ba ta zama dalilin kwanciyar hankali ba. Kuma a tabbatar ɗakin gwajin yana da shaidar amincewa ta ISO 17025 a kan waɗannan gwaje-gwajen da kansu.

Dillalin Gidaje:

Na karɓi gyara a kan kusurwoyin da gaurayawar. Amma har yanzu ban ga dalilin taɓa ruwan ƙarƙashin ƙasa ba. Shaguna ne, ba gidan kwana ba, kuma ruwan famfo suke amfani da shi. Wa zai sha wancan ruwan?

Injiniyan Muhalli:

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce ruwan ƙasa bai san iyakar fili ba. Yana tafiya a hankali daga inda ya fi tudu zuwa inda ya fi gangare, ya ɗauki abin da ya narke a cikinsa ya kai ƙarƙashin maƙwabta, inda wani zai iya samun rijiya ko burtsatse. Adadin da ake magana a kai kuma ƙarami ne ƙwarai. A Amurka iyakar PCE a ruwan sha mikrogiram 5 ce a kowace lita (mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), haka ma benzin, binil kloraid kuwa mikrogiram 2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa benzin mikrogiram 10. Idan ka yi lissafi da waccan iyaka ta 5, lita ɗaya tak ta PCE ta isa ta ɓata ruwa sama da lita miliyan 300. Ba sai ganga ta fashe ba, ɗigon da ake zubarwa a magudana kullum ya wadatar.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar kowa ya sha ruwan. Tururin waɗannan sinadarai yana tasowa daga gurɓatacciyar ƙasa ko ruwa, ya taru ƙarƙashin daɓe, ya shigo cikin gini ta tsagogi da wuraren da bututu suka huda daɓen. Mai shago da ma'aikatansa da ke zaune a ciki daga safe zuwa dare su ne za su shaƙe shi, kuma adadin da ke cutarwa a tsawon shekaru ya yi ƙasa da wanda hanci zai ji warinsa.

Ta fuskar bincike ma ruwa ya fi ƙasa saurin tona asiri. Ƙasa tana iya gurɓata a nan, mita biyu gefe kuma ta fito da tsabta, saboda haka rami yana iya kuskure wurin. Ruwa kuwa yana tattara abin da ya wanko daga yanki mai faɗi, shi ya sa rijiyar da aka kafa a gangaren shagon wankin takan nuna alamar abin da ramukan ƙasa suka kauce wa. Ana bukatar rijiyoyin gwaji aƙalla uku, waɗanda ba a kan layi ɗaya suke ba, a sa safiyo ya auna tsayin bakin kowacce, a auna zurfin ruwansu a rana ɗaya, daga nan a fitar da inda ruwan ya dosa. Ni nakan so ɗaya ta kasance a gefen da ruwan ke shigowa filin, domin ita ce za ta nuna ko gurɓatar daga maƙwabci take zuwa.

Tsohon Mahaƙi:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina riƙe da injin haƙa a irin waɗannan wurare, kuma akwai abin da nake so a ji kafin a yi gaggawar sa ƙarfe a ƙasa. Injiniya ya ce a haƙa ƙarƙashin inda injin wankin ya zauna, ni ma na yarda, amma a san iyakar zurfin. Idan akwai shimfiɗar yumɓu a ƙasa kuma sinadarin nan mai nauyi ya kwanta a kanta, wanda ya huda yumɓun ba tare da shiri ba ya buɗe masa ƙofa zuwa ruwan da ke can ƙasa, wanda watakila har yau tsabtatacce ne. Na taɓa ganin haka a wani aiki da aka kira mu gyara: an huda, an bar ramin a buɗe kwana biyu, rijiyar ƙasa da ta fito da tsabta a gwajin farko ta fito da sinadari a na biyu. Saboda haka a fara daga gefe a san yadda shimfiɗun ƙasar suke, sannan a matso ciki. Idan aka taɓa yumɓu a inda ake zargi, a tsaya. Idan kuma dole sai an wuce, a fara kafa babban bututu a like shi da siminti a cikin yumɓun, sannan a ci gaba da haƙa ta cikinsa. Duk ramin da aka gama da shi a cika shi da bentonayit, wani irin yumɓu mai kumbura idan ya jiƙa, daga gindi zuwa sama.

Abu na biyu, kafin komai a nemo inda wayoyin lantarki da bututun ruwa da na gas suka bi, a kuma bi gaban filin da na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa ko mai gano ƙarfe, domin a san ko tankunan nan suna nan. Mu kan fara mita ɗaya da rabi na sama da hannu, ba da inji ba. Tsohon tanki da aka bari da sauran mai da tururi a cikinsa ba abin da za a soka wa ƙarfe ba ne.

Idan ƙasar ta fito a cikin bututun roba muka tsaga shi, mai binciken yana bin ta da na'urar PID mai shinshina tururi, yana rubuta launi, da laushi, da danshi, da inda yashi ya ƙare yumɓu ya fara. Sau da yawa za ka ga ƙasa ja tana tafiya, sai kwatsam ta koma toka-toka mai maiƙo daidai inda ruwa yake hawa da sauka, lambar na'urar kuma ta yi tsalle. Daga nan ake ɗaukar samfurin, tare da wani daga gindin ramin. Wanda ya yanke tun daga ofis cewa zai ɗeba a mita ɗaya ko biyu ko da me ya gani, bai yi aikin ba.

Injiniyan Muhalli:

Baba Mahaƙi, wannan gargaɗi ne da ya kamata in fara da shi, na gode da ka cike mini. Ƙarin da zan yi shi ne na'urar PID jagora ce kawai: ba ta faɗin sunan sinadari, ba ta ganin ƙarafa, danshi kuma yana rikita ta, don haka a daidaita ta da iskar isobutilin kowace safiya, kuma kada a rubuta lambarta a matsayin sakamako.

Tunda lokaci ya matse mai tambaya, shawarata ita ce a yi amfani da injin da ke tura bututu kai tsaye cikin ƙasa, a ɗebi ruwa daga ramukan wucin gadi a ranar, a rufe su. Cikin kwana ɗaya ko biyu za a iya taɓa wurare da yawa, a san ko akwai matsala ko babu.

Tsohon Mahaƙi:

A nan kam ba mu daidaita ba, Injiniya. Ruwan ramin wucin gadi yakan fito da laka kamar kunu, kuma ba za ka iya komawa ka sake ɗiba ba idan mai sayarwa ya musanta sakamakon. Ni na fi son rijiya ta dindindin: bututun roba mai inci 2, mai tsagogi a ƙasansa, a zuba tataccen yashi kewaye da tsagogin, a like samansa da bentonayit, a wanke rijiyar har ruwanta ya washe, a bar ta ta huta kafin a ɗiba. Ta wajen tankuna a sa tsagogin su haɗa sama da ƙasan bakin ruwa, domin idan mai yana yawo a sama ya samu hanyar shiga. Idan aka nutsar da tsagogin gaba ɗaya cikin ruwa, man zai wuce ta sama, rijiyar ba za ta gan shi ba. Ta wajen shagon wanki kuwa ana bukatar wata mai tsagogi a gindin yashin, dab da saman yumɓu.

Injiniyan Muhalli:

Ban musa ingancin abin da ka faɗa ba, Baba. Dalilina shi ne idan ka kafa rijiyoyin dindindin tun ba ka san inda gurɓatar take ba, kana iya kafa su a inda ba su da amfani. Ga abin da nake ganin zai haɗa mu: a fara da ramukan wucin gadi masu yawa, a ranar kuma a mayar da uku ko huɗu da suka fi muhimmanci su zama rijiyoyin dindindin, tunda injin yana wurin.

Malamar Kimiyya:

Wannan ya yi mini, amma da sharaɗi. Ruwan ramin wucin gadi a yi amfani da shi don sinadarai masu tashi kawai. Kada a dogara da shi wajen ƙarafa, domin kwalbar ƙarafa tana ɗauke da asid mai ƙarfi, kuma asid ɗin zai narkar da ƙarfen da ke jikin lakar, sakamako ya nuna darma mai yawa alhali ba ta narke a ruwan ba. Darma kuma dole a neme ta a nan, tunda gidan man tsoho ne, kuma sai a shekarar 2021 aka daina sayar da fetur mai darma ga motoci a ƙasa ta ƙarshe da ke amfani da shi. Ni nakan nemi kwalba biyu daga kowace rijiya, ɗaya kamar yadda ruwan ya fito, ɗaya an tace ta a fili da matata mai mikron 0.45, a kwatanta su. Wasu hukumomi ba sa karɓar tataccen shi kaɗai, saboda haka a tambayi hukumar da abin ya shafa tun da wuri.

Wajen ɗibar kanta, a ja ruwan a hankali da ƙaramin famfo, tsakanin mililita 100 zuwa 500 a minti, ana auna tsaminsa, da iskar oksijin ɗinsa, da yawan lakar da ke cikinsa, da yadda yake ɗaukar lantarki, har sai lambobin sun tsaya cak sau uku a jere. A lokacin ne aka san ruwan da ke fitowa na cikin ƙasa ne, ba wanda ya kwana a bututu ba. Sannan a cika ƙananan kwalabe masu mililita 40 har ruwan ya yi tozo a baki, a rufe, a kifa kwalbar a ƙwanƙwasa ta da yatsa. Idan kumfar iska ta taso, a ɗauki sabuwar kwalba a sake, domin sinadarin zai gudu cikin wannan kumfa. Kular kuma ta iso mana da sanyin da bai wuce digiri 6 ba.

Akwai kwalabe uku da masu neman rage kuɗi ke fara cirewa, kuma su ne ke kare sakamakon idan an yi gardama. Ta farko ruwa ne mai tsabta da ɗakin gwaji ke cikawa ya rufe, ya yi tafiya tare da kular zuwa fili ya dawo ba a buɗe shi ba, domin a san ko wani abu ya shiga a hanya. Ta biyu ruwan ɗauraye kayan aiki ne bayan an wanke su, domin a san ko an kwaso datti daga rami zuwa rami. Ta uku tagwayen samfuri ne daga wuri ɗaya da aka ba suna daban, ba tare da mu mun sani ba, domin a gwada mu kanmu.

Lauya:

Na bi muhawarar daga farko, kuma ina so in ja hankalin mai tambaya zuwa ga abin da zai biyo bayan sakamakon. A ƙasashe da dama nauyin tsabtace fili yana iya faɗawa kan wanda ya mallake shi yanzu, ko da ba shi ya zubar da komai ba. A Amurka haka dokar CERCLA ta 1980 ta tanada, wadda aka kafa bayan abin da ya faru a unguwar Love Canal ta jihar New York, inda aka gina gidaje da makaranta a kan tsohon ramin sharar sinadarai da kewayensa. Gyaran da aka yi wa dokar a 2002 ya ba mai saye kariya, amma sai idan ya yi cikakken bincike kafin ya saya, kuma muhimman sassan binciken ba su wuce kwana 180 ba a ranar da ya karɓi filin. Kowace ƙasa da nata tanadin, saboda haka ka zauna da lauyan da ya san dokar muhalli ta inda filin yake.

Abu uku nake so ka rubuta kafin inji ya shigo. Na farko, izinin mai fili na shiga da haƙa, tare da bayanin wanda zai gyara daɓen da aka huda da wanda zai kwashe gangunan ƙasa da ruwan da aka fitar, domin su ma suna iya zama shara mai haɗari. Na biyu, ku ne za ku ɗauki mai binciken, da sunanku za a rubuta rahoton, domin rahoton da aka rubuta wa mai sayarwa ba lalle ne ku iya kama wanda ya rubuta shi da laifi ba idan ya yi kuskure. Na uku, a fayyace wanda zai sanar da hukuma idan an ga abin da doka ta wajabta a sanar. Wannan na ƙarshe shi ne yakan sa masu sayarwa su ƙi gwaji, domin abin da aka gani ba ya komawa ba a gani ba, ko cinikin ya faɗa ko bai faɗa ba.

Dillalin Gidaje:

Wannan shi ne ainihin abin da nake tsoro tun farko, Barista, sai dai ban iya faɗarsa haka ba. Amma na yarda cewa ba mai saye ne ya kamata ya ɗauki asarar ba. Abin da na sha gani yana aiki shi ne a sa sharaɗi a yarjejeniyar cewa cinikin ya rataya ne a kan sakamakon gwaji cikin wa'adin da aka amince, idan an samu gurɓata kuma a rage farashi ko a ajiye wani kaso na kuɗin a hannun amintacce har a gama gyara. Mai sayarwa ya fi sauƙin yarda idan ya ga ba guduwa za a yi ba.

Mai Neman Shawara:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa abokaina duk abin da kuka rubuta, kuma mun zauna da mai sayarwa jiya. Ya yarda da binciken tankuna da rada, ya yarda da ramuka a filin ajiye motoci da bayan shagon, ya yarda da rijiyoyi huɗu, mu ne za mu ɗauki mai binciken, an kuma ƙara wa'adin cinikin. Abu ɗaya ya ƙi: ya ce ba za a shigar da inji cikin shagon ƙarshe ba, domin akwai mai haya a ciki yanzu da kayansa, kuma an shimfiɗa sabon tayil. Shin abin da ya yarda da shi ya isa, ko in dage?

Injiniyan Muhalli:

Ka dage, amma ba sai da babban inji ba. Abin da ake bukata a cikin shagon shi ne samfurin iskar da ke ƙarƙashin daɓe. Ana huda rami ɗan ƙarami da na'urar huda ta hannu, faɗinsa bai fi na babban yatsa ba, a kafa ɗan bututu a like kewayensa, a gwada a tabbatar iskar ɗaki ba ta kutsawa, sannan a ja iskar cikin gwangwanin ƙarfe da aka riga aka zuƙe, a kai ɗakin gwaji. Ana iya yin ramukan a mahaɗar tayil ko ƙarƙashin kanta, bayan an tashi daga kasuwa, a toshe su da siminti a daren. Ka nemi biyu ko uku: ɗaya inda injin wankin ya zauna, ɗaya kusa da tsohuwar magudana, ɗaya kuma a shagon da ke maƙwabtaka da shi, tunda tururi yana bin ƙarƙashin daɓe ya tsallake bango. Sabon tayil ɗin ya rufe alamun, saboda haka ka nemi wani da ya yi aiki a shagon wankin ya nuna muku wuraren da ƙafarsa.

Tsohon Mahaƙi:

Idan ba a samu wanda ya yi aiki a can ba, a fita bayan shagon a duba bango. Ramin da bututun fitar da tururi ya bi yakan bar tabon faci a jikin bulo, bututun ruwan datti kuma yana fitowa daga gindin bango daidai inda magudanar take a ciki. Daga wajen ma muna iya karkata injin mu tura bututu a gicciye ya shiga ƙarƙashin ginin mita biyu ko uku ba tare da an taɓa tayil ko ɗaya ba. Malam, ka sa mai bincikenku ya rubuta wannan a cikin tsarin aikin tun yanzu, domin mahaƙi ya zo da injin da zai iya karkata.